Sharhi: WhatsApp Business a hannun mai sana'ar duwatsun ado

Idan ka tambayi mai haɗa jigida ko sarƙar duwatsu a Kano, Zariya ko Gusau ina shagonta yake, galibi lambar waya za ta karanto maka. Duwatsun suna cikin robobi a ƙarƙashin gado, aikin a kan faranti ake yin sa a tsakar ɗaki, ciniki kuwa kacokan a WhatsApp yake ƙarewa. Shi ya sa ya dace a auna WhatsApp Business, manhajar da kamfanin ya fitar a watan Janairun 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa, da ma'aunin wannan sana'a, wadda kayanta ƙanana ne, launi ke sayar da su, da yawansu kuma sai an san awon jikin mai saye kafin a zura zare.

Hukuncina tun daga farko shi ne ki sauke ta. Kyauta ce, ba ta fi WhatsApp ɗin da kika saba da shi wuyar sarrafawa ba, kuma tana rage miki maimaita magana ɗaya sau hamsin a rana. Sai dai ki san matsayinta: teburin ciniki ce. Wanda ya riga ya iso gabanki za ki sallame shi cikin tsari, amma manhajar ba ta da masu wucewa irin na layin 'yan duwatsu a Kasuwar Kurmi. Da "ki" zan yi ta magana don mata suka fi yawa a sana'ar; maza masu carbi su ɗauki nasu a ciki.

Lamba ɗaya ba ta zama a manhajojin biyu lokaci guda. Ko dai ki mayar da tsohuwar lambarki ta koma ta kasuwanci, hirarrakinki su biyo ki idan kin adana su kafin ki koma, ko ki ware sabon layi, manhajojin biyu su zauna a waya ɗaya. Sabon layi ya fi. Lambar da za a buga a kati, a manna a kwali, ta yi yawo a hannun baƙi, bai kamata ta zama ita ce dangin miji ke kiranki da ita ba. A shafin bayani akwai gurbin sunan sana'a, adireshi, lokutan aiki da ɗan taƙaitaccen bayani. Mai aiki daga gida ta sa sunan unguwa da gari kawai. Akwai kuma gajeren adireshin shiga hira kai tsaye, wato wa.me sai lambarki da 234 a gaba, a cire sifilin farko; wadda ke Maraɗi ko Damagaram 227 za ta sa. Manhajar tana ba da hatimin QR da ake haskawa da kyamara a faɗo cikin hirarki. Ki buga shi a kati, zai yi aiki nan gaba.

Katalog

Wannan ne babban abin da ya raba ta da WhatsApp na kowa. An ƙara shi a ƙarshen 2019. Yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotuna har 10, da suna, farashi, bayani da lambar kaya. Ana iya kasa su rukuni-rukuni: jigida, sarƙa da 'yan kunne, abin hannu, carbi, jaka, kayan rabo na biki. Mai saye tana iya zuba abin da ta zaɓa a kwando ta turo miki a saƙo ɗaya. Kwandon jerin buƙata ne kawai, ba biya ba ne, kada ki ɗora zare saboda shi.

Inda katalog ɗin ya gaza wa sana'ar duwatsu shi ne babu gurbin zaɓen launi ko girma a ƙarƙashin kaya ɗaya, babu kuma ƙidayar abin da ya rage. Jigida ƙira ɗaya mai launi takwas, ko ki buɗe mata gurbi takwas, ko ki tara launukan a hoto ɗaya kowanne da lamba a gefensa. Hanya ta biyun ta fi sauƙi: a jera layukan a kan farin kwali, a rubuta 1 zuwa 8 da alƙalami, mai saye ta ce "JG-14, launi na 5". Lambar kaya ba ado ba ce. Ba tare da ita ba, rabin hirarki zai tafi a "wannan ta saman", "a'a, ta kusa da jar", ƙarshe a haɗa abin da ba shi aka nema ba. Ki rubuta lambar a jikin hoton kansa, domin hoto yana yawo ya bar bayaninsa a baya. Abin da ya ƙare kuma akwai damar ɓoye shi ba tare da an goge ba, in kaya sun dawo a sake fito da shi.

Gurbin bayani shi ne mafi yawan masu sana'a ke bari fayau, alhali nan ne rigima ke farawa. Abu biyar ba sa wuce layi uku: irin dutsen, gilashi ne ko roba ko kiristal ko dutse na ainihi, girmansa a milimita, tsawon kayan a inci, abin da aka zura shi da shi, da kwanakin da haɗawa ke ci. Misali: "Sarƙa mai layi uku, gilashi milimita 8, inci 18 da ƙarin sarƙar baya inci 2, waya mai rufin roba, maɓallin ƙugiya, kwana huɗu." Wadda ta karanta wannan ba za ta dawo ta ce ta zaci ta fi haka tsawo ba.

A nan ne kuma maganar murjani ke shigowa. Yawancin jan dutsen da ake kira murjani a kasuwa roba ne, ko gilashi, ko farin murjani mai araha da aka rina. Babu laifi a sayar da shi, laifin a kira shi da sunan da ba nasa ba. Na roba ba shi da nauyi, ba shi da sanyi a tafin hannu, allura mai zafi tana nitsewa a cikinsa. Wanda aka rina, idan aka goga masa auduga da ruwan goge farce, ja zai fito a audugar. Ki rubuta "kalar murjani" in kala ce kawai. Haka lu'ulu'un da aka shafa wa fenti a kan roba ko gilashi: kyakkyawa ne ranar farko, amma turare, humra da zufa suna ɓare masa fata, musamman a bakin huda. Haƙoran dabbobi da hauren giwa kuwa kada ma ki gwada, ana duba kayan katalog kafin su bayyana, ƙa'idar kasuwancin kamfanin ta hana irin waɗannan.

Farashi ba dole ba ne a cike gurbinsa, mutane da yawa suna bari don a zo a taya. A ganina kuskure ne. Wadda ta ga kaya ba farashi takan ɗauka ya fi ƙarfinta ta wuce, ko ta tambaya ta ɓace. Damuwar gaskiya ita ce duwatsun da aka fi aiki da su daga waje suke zuwa, akasari daga Sin, masu tsadar daga ƙasar Cek da Japan, kuɗin sari kuma yana bin dala. A cikin manhajar ɗaya bayan ɗaya ake gyara farashi. Mai kaya 200 za ta sha aiki duk lokacin da kasuwa ta motsa. Saboda haka kaya talatin zuwa hamsin da kike iya maimaitawa sun fi katalog mai cike da abin da duwatsunsa suka ƙare a kasuwa tun bara.

Kuma kafin ki rubuta farashi ki ƙirga da kyau, manhajar ba za ta yi miki ba. Ɗauki carbi mai 99 na dutse milimita 8. Layin da ake sayarwa mai tsawon inci 15 yana ɗauke da dutse 47 ko 48, layi biyu ba su kai ba ke nan, sai an shiga na uku, ga liman da tuntu, ga waɗanda za a tarar hudarsu ta toshe ko gefensu ya ɓalle. Abin hannu na inci 7 da irin wannan dutsen yana cin 22 ko 23. A ce, don misali kawai, duwatsun wata sarƙa sun ci naira 4,500, waya da maɓalli 500, kwali da leda 400, rabonta na kuɗin mota zuwa kasuwa da data 300, aikin awa uku kika yi wa kanki kuɗi 3,000. An tashi a 8,700 ba a taɓa riba ba. Wadda ta manta da aikin hannunta za ta ga 5,700, ta sayar 7,000 tana murna, alhali ladan zamanta ma ba ta fitar ba. In akwai dillaliya ko mai shago da za a ba la'ada, a sa ta a lissafi tun yanzu.

Hoto da launi

Nan ne manhajar ta fi cutar da wannan sana'a, kuma ba da gangan ba. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data. Atamfa ko takalmi suna jure wannan. Ƙananan duwatsu masu milimita 2, irin masu kamar tsabar gero, sai su narke su zama shafe ɗaya, ƙirar da kika kwana kina lissafawa ta ɓace. Ja da shunayya sun fi shan wahala, gefensu yakan yi dishi-dishi. Tun 2023 akwai maɓallin HD a saman hoto kafin a tura, ki riƙa danna shi. Idan mai saye tana son ganin aiki ƙwaya-ƙwaya, tura hoton a matsayin fayil, ta nan ba a matse shi. Sitatus ya fi ko'ina lalata hoto, don haka abin da za a ɗora can a ɗauke shi kusa sosai, kaya ɗaya ya cika fuskar waya.

Hasken safe a bakin taga ko inuwar baranda shi ne daidai. Fitilar kyamara tana sa kiristal ya yi fari fat, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana mayar da fari ya koma ruwan madara, shuɗi ya yi duhu. A goge gilashin kyamara, a shimfiɗa farin kwali ko yadi marar ado, a ajiye tef ɗin tela a gefe a ɗaya daga cikin hotunan don a ga girma. Bidiyon daƙiƙa goma ana juya sarƙa a hannu yana nuna walƙiya da yadda take zuba a wuya, abin da hoto goma ba za su nuna ba.

Babbar fitina ita ce anko. Uwar biki ta turo hoton leshi ta ce a haɗa sarƙa ashirin kalarsa. Ita ta ɗauka da dare a ɗaki, wayarta daban, taki daban, abin da take gani jan gauta ke kina ganin ruwan goro. Babu abin da manhajar za ta yi a kan wannan. In gari ɗaya kuke, a aiko ƙyallen yadin, ko guntun da tela ya yanke, ki tafi da shi wurin mai duwatsu. In nesa ne, ki jera layi uku mafi kusa da kalar a hoto ɗaya da rana, ta zaɓa da lamba, ki haɗa guda ɗaya ta gani ta amince kafin ki shiga sauran. Sannan ki sayi duwatsun aikin gaba ɗaya a zuwa ɗaya, da ƙarin kamar kashi goma cikin ɗari. Kala mai suna ɗaya takan bambanta daga buhu zuwa buhu, in kika koma ciko bayan mako, sarƙa biyar na ƙarshe za su fita daban a hoton biki.

Jigida tana da nata ladabin. Hotonta a jikin mutum ba abin da za ki ɗora ba ne, ko don mutuncinki ko don irin baƙin da zai jawo miki. A naɗe ta a kan matashi, ko a zagaya ta a bakin ƙwarya ko faifai, ta fito da kyau. Ki rubuta sunan sana'arki a tsakiyar hoton, siriri yadda ba zai rufe aikin ba. Wanda aka sa a kusurwa yanke shi ake yi, gobe ki ga aikinki a sitatus ɗin wata.

Awo, murya da rubutun oda

Amsoshin da aka tanada su ne abin da na fi yaba wa manhajar. Kina rubuta saƙo sau ɗaya, ki ba shi gajeren suna, duk lokacin da kika danna alamar / a hira sai jerin ya fito ki zaɓa. Ana iya ajiye har 50, amma huɗu ne ba makawa: lambar asusu, yadda ake awo, sharuɗɗan aike, da yadda ake kula da kaya.

Na awo ya kamata ya fito ƙarara. Jigida: a zagaya tef a kan fata, daidai inda ake so ta zauna, a tsaye, ba a shanye ciki ba, a turo adadin a inci. Lambar siket ko "ni dai matsakaiciya ce" ba awo ba ne. Wadda ba ta da tef ta zagaya zare ta auna shi a kan rula. Sai a tambaye ta irin ɗaurin. Ta zaren roba tana da sauƙin sawa da cirewa, amma zafi da man shafawa suna cinye robar, wata rana ta tsinke. Mai maɓallin murɗawa tana cirewa, sai dai awon dole ya zama daidai, kuma ƙarfe mai araha yana yin tsatsa ko ya sa wasu ƙaiƙayi. Ta ɗaurewa da zare mai ƙarfi ita ta fi daɗewa, ana barin rarar zare mai ita ta rage duwatsu ta ƙulle da kanta. Abin hannu a ƙara rabin inci a kan awon wuyan hannu, in duwatsun manya ne a ƙara fiye da haka, don kaurinsu yana cin wuri ta ciki. Jaka kuma a faɗi faɗinta da tsayinta, a faɗi ko babbar waya za ta shiga, a faɗi kaurin zaren fatsan da aka saƙa ta da shi. Zare mai kaurin milimita 0.35 na 'yan kunne ne da ƙananan aiki; jaka tana son 0.50 zuwa 0.70, in ba haka ba ta saki jiki, hannunta ya fara tsinkewa.

Mutanenmu sun fi son saƙon murya, kuma yana da daɗin ciniki, ana gaisawa a tambayi yara. Illarsa ba a iya bincika shi. Bayan mako biyu ba za ki tuna a cikin wace murya ta mintuna uku Hajiya ta ce inci 38 ba. Duk abin da aka ƙulla da baki ki mayar da shi rubutu ɗaya: lambar kaya, launi, awo, adadi, farashi, abin da aka bayar, ranar karɓa, wanda zai biya kuɗin aike. Ki ce, "Hajiya, a duba wannan, in haka ne a amsa mini." Sai ta amsa ki fara. Ki kashe tsarin saƙo mai ɓacewa da kansa a hirar ciniki, ki kuma ɗauki hoton allon yarjejeniyar, tunda mai saƙo yana da kusan kwana biyu da zai iya goge abin da ya turo daga wayoyin biyu.

Laƙabin hira yana taimakawa daidai gwargwado. Manhajar tana zuwa da biyar nata, na sabon mai saye, sabuwar oda, jiran biya, an biya, an kammala, kuma ana iya kai su 20. Ki sake musu suna su dace da aikinki: ana jiran awo, ta ba da kafin alƙalami, ana haɗawa, an kai tasha, bashi. Abin da ba ya yi shi ne tuna miki rana. Gab da Sallah, ko watan da bukukuwa suka haɗu, littafin oda na takarda mai kwanan wata yana nan daram a matsayinsa. Saƙon maraba yana tafiya da kansa ga wadda ta fara yi miki magana, ko wadda ta dawo bayan kwana 14 shiru; ki sa sallama, hanyar katalog da lokacin da kike amsawa, ya isa. Dogon saƙon maraba korar mutane yake yi.

Kuɗi da aike

A Najeriya ba a biya ta cikin manhajar, ba ta riƙe kuɗi a tsakani, ba ta shiga rigimar mai saye da mai sayarwa. Tura kuɗi ta banki ko ta irin su OPay da Moniepoint ake yi, amana ce tsagwaronta. Hoton rasit ba shaida ba ce, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar hannunki. Akwai kuma mai cewa ya yi kuskure ya turo fiye da kima, a mayar masa da rara cikin gaggawa. A duba asusu tukuna, sau da yawa babu abin da ya shigo.

Aikin da aka haɗa da awon mutum ko kalar ankonsa ba ya sayuwa ga wani, don haka kafin alƙalami dole ne, kuma ya rufe kuɗin duwatsu gaba ɗaya, wato rabin farashi ko sama. "In ya iso zan biya" na kayan da ke ajiye ne, a cikin gari. Asusun da za ki bayar sunansa ya yi daidai da wanda kika faɗa a saƙo. In ana ciniki da Maman wance sai ga sunan namiji a asusu ba bayani, mai hankali za ta ja baya.

Dutsen gilashi yana fashewa, kiristal yana gogar juna ya dusashe. Kowane kaya a ledarsa, a naɗe da leda mai kumfa ko tsumma mai laushi, a sa a kwali mai tauri, a cike gurbin da ya rage har in an girgiza ba a ji motsi. Sarƙa mai waya kada a lanƙwasa ta, in waya ta karye kwana ba ta miƙewa. A naɗe ta da'ira mai faɗi. Ki ɗauki bidiyo kina rufe kwalin. In ta tasha za a aika, ki karɓi lambar direba da ta mota ki tura nan take, ki kuma gaya wa mai karɓa tun da wuri ko akwai abin da za ta biya a can. Kamfanonin aike da nauyi suke caji, jakar gilashi kuma ta ninka ta roba nauyi, a auna kafin a faɗi kuɗin aike.

Daga ina masu saye za su zo

Sitatus awa 24 yake yi, kuma wadda kika adana lambarta ita ma ta adana taki ce kawai ke gani. Saƙon bai-ɗaya yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, shi ma sai wanda ya adana lambarki yake samu. Ma'ana waɗannan kayan talla biyu a kan waɗanda suka riga suka san ki suke aiki. Suna da kyau wajen dawo da tsohuwar kwastoma: hoto uku zuwa biyar a rana, carbi gab da azumi da lokacin dawowar alhazai, sarƙa da abin hannun yara mako uku kafin Sallah. Wadda ke zuba hoto arba'in a rana rufe sitatus ɗinta ake yi, ba ta ma sani ba.

Guruf ban ba da shawararsa ba. Lambar kowa a buɗe take, abokiyar sana'a za ta shigo shiru ta kwashe miki mutane, sanya mutane ba da izininsu ba kuma yana jawo su kai ƙara, ƙara ta yi yawa a rufe layin. Tashar WhatsApp, wato Channel, da aka buɗe wa kowa a 2023, ta fi tsafta: masu bi ba sa ganin lambar juna, ba sai sun adana taki ba, amma ba sa iya yi miki magana a ciki, sai kin riƙa haɗa kowane hoto da adireshin hirarki.

Baƙin ido daga waje ake samo su. Instagram, TikTok da Facebook suna nuna aiki ga wanda bai san ki ba, musamman gajeren bidiyon hannu yana zura duwatsu. Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, yana kama wanda ya shiga neman abu da suna. Dukkansu a sa musu adireshin wa.me, a ƙarasa ciniki a WhatsApp. Akwai tallan kuɗi da ke jefa mutum kai tsaye cikin hirarki. In za ki gwada, ki fara da kaɗan, ki taƙaita shi ga garin da kike iya kai kaya, ki shirya wa tarin "nawa ne" da ba za su koma ciniki ba.

Har yanzu dai ƙafa ta fi kawo mai saye na gaske, don dutse abu ne da ake so a taɓa a ji nauyinsa. Gidan kitso da lalle, shagon tela, masu haɗa lefe, masu kwalliyar amare, duk wuraren da mace ke zaune tana tunanin biki ne. A bar musu samfur biyar a ƙaramin faranti da katin nan mai hatimin QR, a yanka la'ada a rubuta, a riƙa zagayawa duk mako biyu ana canza kaya, don wanda ya daɗe a buɗe ƙura da rana suna kashe shi. Bajekolin Kaduna da na Kano da ake yi duk shekara suna da tsadar rumfa ga mutum ɗaya, amma mutum uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi. Kayan rabo na biki, in an manna wa kowanne ƙaramin kati, talla ce da uwar biki ta biya kuɗinta. Duk wadda ta saya, ki roƙe ta ta adana lambarki a gabanki, in ba haka ba sitatus ɗinki ba zai taɓa isa gare ta ba.

Tunda shagon gaba ɗaya a kan layi ɗaya yake tsaye, a tsare layin. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa lambar sirri shida da imel. Lambobi shida da ke shigowa ta saƙon waya kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce daga ƙungiyar masu sana'a yake ko zai sa ki a tallafi. Da su ake ƙwace layi, a bi kwastomominki ana karɓar kafin alƙalami da sunanki. Ki guji jabun manhajoji irin su GB WhatsApp, suna jawo a rufe asusu. Layin ya zama da sunanki aka yi masa rajista, kuma a riƙa amfani da shi, don wanda aka yasar kamfanin sadarwa yana iya sayar wa wani. Ajiyar hira a Google Drive tun 2024 tana cin gurbin gigabait 15 na kyauta, bidiyon duwatsu kuma ba ya jimawa ya cike shi, sai ajiyar ta tsaya ba ki lura ba. Ki cire bidiyo daga abin da ake adanawa, hotunan katalog na asali ki kwafe su a kwamfuta ko katin ajiya, lambobin manyan kwastomominki kuma su kasance a bayan littafin oda da biro.